Ɗaki a sama, uwa a ƙasa: yadda ake saka lifta a gidan bene ba tare da rushe shi ba

Labarin ya zama ruwan dare a Yamai, Maradi da Damagaram. Yaro ya yi shekaru a Faransa, Beljiyam ko Amurka yana turo kuɗi har aka tayar da gidan bene. Aka ware wa Hajiya ɗakin da ya fi kowane kyau, a sama, inda iska ke kaɗawa. Bayan ƴan shekaru gwiwa ta fara ciwo, ko hawan jini ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Matakalar da a da ba a ko lura da ita, yanzu ta raba uwa da ɗakinta. Ko dai a shimfiɗa mata katifa a falon ƙasa inda baƙi ke shige da fice, ko kuma samari biyu su riƙa tallabo ta kullum, abin da ba kowace dattijuwa ke iya jurewa ba.

A nan ne wasu ƴaƴan ke tuno ƙananan na'urorin hawa bene da suka gani a gidajen tsofaffi a Turai, wato lifta, wadda masu Faransanci ke kira asanser. Ana iya saka ta a gidan da aka riga aka gina, kuma ba sai an rushe komai ba. Amma akwai abubuwan da ya kamata a sani kafin a tura ko dala.

Ba irin ta otal ba ce

Liftar da aka saba gani a manyan otal da ma'aikatu tana buƙatar rami mai zurfin sama da mita 1, da doguwar rijiyar siminti da za ta riƙa bi, da wuta mai layi uku. Ta gida ba haka take ba. A ƙasashen Tarayyar Turai ana ƙayyade gudunta zuwa santimita 15 a daƙiƙa, don haka bene mai tsayin mita 3 zai ɗauke ta daƙiƙa 20. Wannan tafiyar hawainiya ce ta sa injinta ƙarami ne, kuma da yawansu na aiki da wutar gida ta yau da kullum mai bolt 220.

Iri huɗu ne suka fi yawa a kasuwa.

Na farko shi ne mai ratsa rufi. Ana huda rufin ɗakin ƙasa daidai faɗin akwatin, sai ya riƙa hawa bisa sanduna biyu. Idan ya hau, filin ƙasa ya zama fili. Idan ya sauko, murfi ya rufe ramin na sama. Kamfanin Stiltz na Ingila ya yi suna da irin wannan. Ƙaraminsa bai cin filin da ya kai murabba'in mita 1, yana ɗaukar mutum biyu, sannan akwai babba mai ɗaukar keken marasa lafiya. Hawa ɗaya dai aka fi yin sa domin shi.

Na biyu shi ne mai dandamali da ke zuwa da rijiyarsa ta ƙarfe da gilashi, wadda ake harhaɗawa a wurin. Dandamalin na hawa ne ta hanyar noti da ke juyawa a jikin wani dogon ƙarfe mai zare. Kamfanonin Cibes da Aritco na ƙasar Suwidin su ne jagorori. Ramin da yake buƙata bai wuce santimita 5 ba. Wasu nau'o'insa ana iya jingina su da bango ta waje, a tsakar gida, a buɗe ƙofa a sama inda taga take.

Na uku shi ne mai aiki da iska: dogon bututu ne mai haske kamar gilashi, inji a samansa na zuƙe iska sai akwatin ya tashi. Ba ya buƙatar rami, kuma idan wuta ta ɗauke yakan sauko a hankali da kansa. Illarsa ƙara yayin hawa, sannan ƙaraminsa mutum ɗaya kawai yake ɗauka.

Na huɗu kujera ce da ke bin layin ƙarfe a gefen matakala, irin ta kamfanin Stannah. Ita ce mafi arha, ba a huda komai. Sai dai tana amfanar wanda ke iya zama da miƙewa da kansa ne.

Inda haɗarin yake: huda dal

Ƴan kasuwa kan ce aikin ginin kaɗan ne. Gaskiya ne, amma kaɗan ɗin nan shi ne mafi haɗari. Yawancin benayenmu an zuba dal ɗinsu ne da bulo mai rami da aka jera tsakanin ƙananan ginshiƙan kwance masu rodi, aka malala siminti a kai. Waɗannan ginshiƙai su ke ɗauke da nauyin ɗakin sama. Magini ya yanke ɗaya ko biyu ba tare da an yi wa ramin sabon ginshiƙi a gefuna ba, to tsagewa ce za ta biyo baya, in ma abin ya tsaya nan.

Saboda haka injiniyan gini ne ya kamata ya fara shiga gidan, kafin mai sayar da lifta. Shi zai duba zanen gidan, in akwai, ya gano inda rodi, wayoyin wuta da bututun ruwa suka bi. Idan ba a da tabbacin yadda aka zuba dal ɗin, gara a kafa liftar ta waje, ko a cikin filin da matakala ta kewaye in akwai shi.

Kuran, ƙura da zafi

An ƙera waɗannan na'urori ne domin ƙasashen da wuta ba ta cika ɗaukewa ba. Mu kuwa ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar, aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Ko a yanzu, a watannin Afrilu da Mayu ɗaukewar kuran ba baƙon abu ba ne. Batirin da ke cikin yawancin liftocin aikinsa kawai ya sauko da mutum ya fita, ba ya ci gaba da kai da kawowa. Duk wanda zai saka, ya lissafa har da sola da batira ko janareta, da na'urar daidaita ƙarfin wuta, domin hawa da saukar kuran shi ke ƙona allon lantarkin da ke sarrafa injin. Ya kuma tabbatar akwai hanyar sauko da akwatin da hannu, kuma wani a gidan ya iya ta.

Ƙurar hunturu na manne wa man da ke jikin ƙarfe da sanduna, don haka shara da shafa mai sai sun fi na Turai yawa. Lifta ta waje mai gilashi kuwa, in ba a yi mata inuwa ba, a zafin da ya haura digiri 40 murhu za ta zama, kuma zafi na rage kwanan batir.

Kuɗi, da wanda zai gyara

A Turai sabuwar liftar gida yawanci tana haura yuro dubu 10, wato sama da sefa miliyan 6 da rabi, kafin a yi maganar jigila, kwastan da aikin kafawa. Bayan da iyakar Nijar da Benin ta rufe a 2023, kaya da yawa sun koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanyar da ta fi tsawo da tsada.

Amma tambayar da ta fi farashi muhimmanci ita ce: ranar da ta tsaya, wa za a kira? Masu ƙera su na son a duba na'urar aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan ƙwararren da ya san ta yana Yamai, gidan kuma yana Tawa ko Damagaram, a yi yarjejeniya a rubuce kan kwana nawa zai ɗauka ya zo, da waɗanne kayan gyara za a ajiye a gida. A guji tsohuwar lifta da aka kwance daga wani gida a Turai ba takardu. Araha ba ta ado.

Gidajenmu kuma cike suke da yara. A Amurka hukumar kare lafiyar masu sayen kaya ta sa an janye dubban liftocin gida domin gyara, bayan yara sun maƙale a ratar da ke tsakanin ƙofar waje da ta ciki. Ka'idar can ita ce ratar kada ta wuce santimita 10. A nemi mai makulli, kuma makullin ya zauna hannun babba.

A tambayi mai ɗakin

Wani lokaci maganin bai kai miliyoyi ba. Mayar da ɗakin ƙasa ya zama na Hajiya, da banɗaki mai faɗin ƙofa da ƙarfen dafawa, da ɗan gangare a bakin ƙofa maimakon dakali, ya kan wadatar. Tsofaffi da yawa ma sun fi son ƙasa, kusa da tsakar gida, jikoki da masu zuwa gaisuwa. Kafin a yi odar komai daga waje, a zauna da ita a ji abin da take so.

Masu shirin aza tubalin sabon bene kuwa, dama na hannunsu: su bar fili mai kimanin mita 1 da rabi kowane gefe, a daidai wuri guda a kowane hawa. Yau ya zama ɗakin ajiya, ranar da gwiwa ta gaza a same shi a shirye.