"Na bar gishiri tun azumi": To dunƙule da kanwa fa?

Kwanan baya wata dattijuwa daga Dogon Daji ta zo awon jini a asibitinmu. Jini ya hau sosai, ƙafafu sun kumbura. Kafin in buɗe baki ta ce, "Ɗiyata, ni hwa na bar gishiri tun azumi."

Na ce, "Inna, dunƙule nawa kike jefa wa miyar kuka?" Ta ƙirga da yatsu: huɗu. Ga kanwa kuma a wake da miyar kuɓewa.

Inna ba ta yi ƙarya ba. Abin da ke ɗaga jini shi ne sinadarin sodiyam, kuma ba a gishirin cokali kaɗai yake ba. Kusan rabin nauyin dunƙule gishiri ne, kanwa ma cike take da sodiyam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babban mutum zai ci a yini ya gaza giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin burodi, yaji, kilishi da taliyar yara.

Masu jego ne suka fi damuna. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya bayan haihuwa, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego. Na san raba uwar miji da kunun kanwa sai an yi da gaske, amma kunun tsamiya ko na gyaɗa ya wadatar. Mai jegon da ke haki in ta kwanta, ko ƙafarta ta kumbura, a kai ta asibiti ranar, kada a jira arba'in.

To, miya ba za ta yi lami ba? Makonnin farko za ta yi, har maigida ya yi ƙorafi, daga baya harshe ya saba. Ki rage dunƙule ɗaya-ɗaya, ki ƙara daddawa, ta kalwa ko ta batso. Ki soya albasa har ta yi ja, ki daka tafarnuwa, citta da masoro. Yakuwa da ruwan lemun tsami suna tayar da ɗanɗano. Wake kuwa ki jiƙa shi tun dare, zai nuna ba kanwa.

Kada ki ajiye maganin hawan jini don kin rage gishiri. Inna ta koma gida da maganinta, da alkawarin dunƙule biyu zuwa awo na gaba.