Haɗa Haske da Ƙwayoyin Bakteriya Wajen Tsarkake Ruwa

Sanin malamai ne cewa ƙwayoyin bakteriya su ke cinye yawancin ƙazantar ruwa. Amma akwai dafin da ya gagare su, kamar rinin masaƙun zamani da maganin ƙwari; wani ma hallaka su ya kan yi.

A 1972 Fujishima da Honda na Japan suka nuna cewa sinadarin titaniyam dayoksaid, watau wanda a ke farin fenti da shi, ya kan raba ruwa in hasken altarabayolet ya same shi. Daga baya aka gane yana farfasa dafi ma. Sai dai aikin na da nawa, gama wannan haske bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Saboda haka aka ga gara haske ya sassara dafin kawai, ƙwayoyin su ƙarasa.

Wuyar ita ce, abin da ke farfasa dafin shi ke kashe ƙwayoyin. Dabarar Rittmann da abokan aikinsa a Arizona, a 2008, ta fi gamsar da mu: suka shafa sinadarin a bayan wani abu mai kama da soso, ƙwayoyin kuwa suka fake cikin ƙofofinsa, inda haske ba ya kai.