Keken lantarki da sikuta a kan titi: wa ya kamata a liƙa wa lamba?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, matasa suka fara leƙa shagunan keken lantarki da ƙananan babura masu batir. Babu layin gidan mai, babu juyen baƙin mai, caji ne kawai kamar waya. Sai dai da zarar an hau titi gardama take tashi. Direban mota ya biya kuɗin lamba da lasisi da inshora, sai wani ya gifta shiru ba ƙarar inji, ya karya masa madubi, ya sulale cikin lungu. Wace lamba zai kai wa 'yan sanda?

A Birnin Gwari wannan tambaya ta wuce maganar madubi. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Nasir El-Rufai ta haramta hawan babur a jihar Kaduna na wata uku, na haya da na gida, ta hana sayar da fetur a jarka a wasu ƙananan hukumomi, aka kuma katse layukan waya a yankunan da 'yan bindiga suka addaba, har da Birnin Gwari. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: a kan babur maharan ke fitowa daga daji. Amma manomin Tsohon Birnin Gwari da ke ɗauko buhun masara daga gona, da mai kai matarsa asibiti cikin dare, su ma a kan babur suke. Tunda jami'in da ke shinge ba shi da hanyar bambance na mai gaskiya da na ɓarawo, sai aka yi musu kuɗin goro. Kano ma haka ta yi wa acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero.

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu son rajista, kuma ba ta direbobi ba ce, ta masu hawan ce. Abin hawan da ba a san mai shi ba, shi ake fara haramtawa ranar da abu ya ɓaci.

To keke fa? Da yawa ba su sani ba, lasisin keke yana cikin kundin tsarin mulkin 1999. Jadawali na huɗu ya ba ƙananan hukumomi ikon ba da lasisi ga keke da kwalekwale da baro da amalanke. Dattawa na iya tuna zamanin da ake tare mai keke a tambaye shi lasisi. Yau da wuya a ga mai bin wannan, kuma ba a Najeriya kaɗai abin ya mutu ba. Birnin Toronto na Kanada ya soke lasisin keke tun 1957. Switzerland ta daina tilasta liƙa wa keke takardar inshora daga 2012. Aikin bugawa da rabawa da bin mutane ya fi amfanin da ake samu, ga shi keken da ƙafa ke turawa ba kasafai yake yi wa mai mota illa ba; mai keken ne ke kwana a asibiti. Japan ta riƙe nata tsarin, amma don gano keken sata, ba don cin tara a titi ba.

Inda maganar ta yi daɗi shi ne wurin ja layi, kuma Turai ba ta ƙirga taya ba, ƙarfin inji da gudu ta duba. Keken lantarkin da injinsa bai wuce wat 250 ba, wanda ke taimaka wa mai taka feda kawai kuma ya daina turawa in an kai kilomita 25 a awa, keke ne a idon doka: ba lamba, ba lasisi. Wanda ya zarce haka ya shiga sahun babur. Jamus kuwa tun 2019 ta ƙayyade sikutar tsaye a kilomita 20 a awa, ta wajabta mata ƙaramar lambar inshora a baya.

Lissafin bayan wannan layi mai sauƙi ne. In gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karo yakan ninka sau huɗu. Wanda ya buge yaro a gudun kilomita 50 ya sauke masa ninki huɗu na abin da mai gudun 25 zai sauke. Don haka kafin a saya, a duba lambar da ke jikin injin. Akwai masu wat 1000 ko 1500, da totur a hannu, an maƙala musu feda don ado, ana tallarsu da sunan keke. Waɗannan babura ne da suka ari rigar keke, kuma ya dace a yi musu lamba, mai hawa ya nemi lasisi ya sa hular kwano, kamar mai Boxer.

Saura tambayar yadda za a yi rajistar. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana da rumbun bayanan lambobin ababen hawa, ana ma iya tantance lamba a shafinta na intanet. Amma wanda ya zauna a Birnin Gwari a watannin da babu sabis ya san raunin tsarin da ba ya aiki sai da data. Akwai mafita da masu haɗa manhaja suka daɗe da sani: a zuba lambar firam da sunan mai abin hawa da mazaɓarsa cikin lambar QR, hukuma ta rufe ta da sa-hannun dijital. Wayar jami'i za ta iya gane ta gaske da ta jabu ba tare da intanet ba, don mabuɗin tantancewa yana cikin manhajar. Kamar IMEI ne a waya, sai dai wannan ba a ƙirƙira shi a shagon buga kati.

Kada a ɗora wa lamba abin da ba za ta iya ba. Ɗan bindigar da ke dajin Kamuku ba zai zo sakatariya ya bi layi ba, kuma haɗa layin waya da NIN bai hana kiran neman kuɗin fansa ba. Abin da rajista za ta yi shi ne ta ba mai gaskiya shaidar da zai nuna a shinge, ta kuma sa babur ɗin sata ya yi wuyar sayarwa a kasuwa. Hakan ma sai in tana da arha, sau ɗaya ake yi, kuma a ƙaramar hukuma. In aka ce mutumin Dogon Dawa ko Kuyello sai ya je Kaduna duk shekara ya sabunta takarda, ba zai je ba, kuma za a ƙara wa masu karɓar na goro a hanya sabuwar ƙofa ce kawai.