Yadda tsoffin hotuna da saƙonni ke tayar da sabon hankali a ƙasar Pauwa

A ƙasar Pauwa da maƙwabtanta, wato Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, saƙon murya guda kan iya hana kasuwa ci. Da zarar an ji wani yana cewa “an tare hanya da safen nan”, direban da ya yi lodi a Funtuwa zai kashe mota, falken da ke shirin tafiya kasuwar Sheme ko ta ’Yankara ya fasa, ma’aikacin da iyalinsa ke ƙauye ya kasa zama a ofis. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne: wace safiyar ake nufi?

Tushen tsoron

Fargabar jama’ar yankin tana da dalili. A daren 11 ga Disamban 2020 ’yan bindiga suka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, kuma sai ranar 17 ga watan aka sako 344 daga cikinsu. A Satumban 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan ukun. Tun daga wancan zamani hotuna da bidiyo da saƙonnin hare-hare na gaskiya suka taru a wayoyin mutane, kuma kowane ɗaya daga cikinsu na iya sake fitowa a kowace rana.

Dalilin da tsoho ke shigar sabo

Idan aka tura saƙo daga hannu zuwa hannu a WhatsApp, lokacin da ke bayyana a jikinsa shi ne na turawa ta ƙarshe. Ranar da aka naɗe shi tun farko ba ta biyo shi. Haka kuma manhajar kan share bayanan da kyamara ke liƙa wa hoto, kamar rana da wuri. Saboda haka kalmomi irin su “jiya” da “yanzun nan” ba sa tsufa, ko da saƙon ya shekara uku.

Kamfanin ya ɗauki wasu matakai. A 2018 ya fara sanya alama a kan saƙon da aka turo daga wani wuri, a 2019 ya taƙaita turawa zuwa wurare biyar a lokaci guda, a 2020 kuma ya mayar da saƙon da ya yi yawo da yawa zuwa wuri ɗaya tak. Waɗannan matakai sun rage gudun saƙo, amma babu wanda ke bayyana shekarunsa.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, sai dai abin da ya faru a Jihar Filato ya nuna cewa ido ma ana yaudararsa. Binciken da BBC ta fitar a 2018 ya gano cewa wani bidiyon kisa da aka yaɗa a Facebook lokacin rikicin watan Yunin shekarar an ɗauke shi ne a Kongo Brazzaville tun 2012. ’Yan sanda sun ce irin waɗannan hotuna sun rura wutar ramuwar gayya a kan matafiya.

Akwai wata illar da ta fi wannan ɓoyuwa. Mutanen da aka firgita sau uku da tsohon labari kan yi sakaci a karo na huɗu, alhali wataƙila shi ne gargaɗin gaskiya.

Matakan tantancewa

Wanda zai aika gargaɗi ya fara da faɗin rana da wata da sunan wuri da bakinsa, domin muryar ta ɗauki kwanan watanta duk inda ta je. Wanda ya karɓa ya kira mutumin da ke wurin: shugaban tasha, mai unguwa, ko jami’in rundunar tsaron al’umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023. Shi kansa hoton yana da shaidu: ganye shar a tsakiyar rani, ko ƙurar hunturu a watan Agusta, sun isa su tona asiri. Google Lens kan nuna inda hoto ya taɓa fitowa, kafar Dubawa kuma na wallafa bincikenta da Hausa.

Idan ta tabbata labarin tsoho ne, share shi shiru bai wadatar ba, domin waɗanda suka riga suka gani za su ci gaba da gaskatawa. Ya kamata gyaran ya bi duk hanyar da saƙon ya bi, tare da bayyana ainihin ranar da abin ya faru.

Doka ma tana da ta cewa. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya tanadi tarar da ta kai Naira miliyan 7, ko ɗaurin da bai wuce shekara uku ba, ko duka biyun, ga wanda ya aika saƙon da ya san ƙarya ne da nufin tayar da fitina. Mai tura tsohon bidiyo yana sane, ya laƙaba masa ranar yau, ya jefa kansa cikin haɗarin wannan hukunci.