Sharuɗɗan Takardar Fili: Garkuwar Maƙwabci

Ma'aikacin da ya sami fuloti a sabuwar unguwa a Gumel yakan adana takardar shaidar mallaka a ƙasan akwati, ba tare da ya duba sharuɗɗan da ke jikinta ba. Alhali kuwa a nan ne aka zayyana abin da ya halatta ya yi da filin, da abin da aka hana shi.

Tushen al'amarin shi ne Dokar Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa ran 29 ga Maris, 1978. Dokar ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun Gwamna. Watau abin da mai fuloti ya samu izinin zama ne, galibi na shekara 99. A birane Gwamna ke ba da izinin, a karkara kuwa, kamar ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙaramar hukuma ce.

Mai takardar Gwamna zai biya kuɗin ƙasa, ya yi gini cikin wa'adi, kuma ba zai sayar ko jinginar ba sai da amincewar Gwamna. Amma sharaɗin da ya fi shafar zaman jama'a shi ne wanda ya ce filin na gidan zama ne kaɗai.

A dubi Maigatari, garin kan iyaka, inda kasuwar Alhamis ke tara shanu da raƙuma daga Nijar. A gari irin wannan, kowane zaure yana iya zama sito, kowane kango turke. Mai gida ya ga riba, ba laifi. To, amma malamin makarantar da ya zuba kuɗin sallamarsa a gini katanga ɗaya da shi fa? Shi zai kwana da rurin injin niƙa, ko fargabar gobara daga jarkokin fetur, darajar gidansa kuma ta faɗi. Wannan sharaɗi shi ne hujjarsa idan ya kai kuka wurin hukuma.

Wanda ke son mai da gidansa wurin sana'a sai ya nemi izinin canza amfanin filin. In ya yi gaban kansa, sashe na 28 na dokar ya ba Gwamna ikon soke izininsa.

A tsofaffin unguwannin Gumel kuwa, inda yawancin gidaje na gado ne marasa takarda, irin wannan rigima wurin mai unguwa ake fara kai ta.