Da tsohuwar zuma ake magani: gyaran tsofaffin kwamfutoci a Dakoro

A garin Dakoro, arewacin jihar Maraɗi, kamar a sauran garuruwan ƙasarmu, kwamfutoci da yawa ƴan gwanjo ne da suka gama aiki a Turai kafin su iso. Ran da ɗaya ta ƙi tashi, sai a jingine ta a lungu, ƙura ta rufe ta, alhali takardun shekaru suna cikinta. Sau da yawa kuwa ba mutuwa ta yi ba: wani ɗan abu ne ya gaji, wanda masu gyaran rediyo ke kira kondansa.

Kondansa tamkar randa ce a kan allon na'ura. Tana tara wuta, ta riƙa sakinta daidai wa daida. A cikinta akwai fallayen sanholo da aka naɗe tare da takarda mai jiƙe da wani ruwan magani. Zafi shi ne babban abokin gabanta, domin shi ke busar da ruwan. Masana sun ƙiyasta cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba kwananta biyu. A Dakoro, inda zafin bazara kan wuce digiri 40 cikin watannin Afrilu da Mayu, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Akwai kuma laifin masana'anta. Tsakanin 1999 da 2007, an cika kasuwannin duniya da kondansa masu gurɓataccen ruwa, waɗanda suka riƙa kumbura tun kwanansu bai kai ba. Kafin nan, ƙananan kondansa na Macintosh SE/30 ta 1989 da Amiga 600 ta 1992 sun yi suna wajen yoyo. Ruwan kan cinye siraran hanyoyin tagulla na allon.

Ƙwararren mai gyara yakan fara da cire na'ura daga wuta, ya sauke wutar da ta saura a manyan kondansa, don tana iya hallaka mutum ko da an kashe na'urar. Sa'an nan ya duba wadda kanta ya kumbura ko gindinta ya jiƙe. Wata takan bushe ba tare da alama ba, sai an auna ta. Kafin ya narka dalma, yakan rubuta yadda kowace take zaune, saboda ƙafafunta biyu ba ɗaya ba ne: zanen da ke jikinta yana nuna ƙafar ragi, in aka juya ta sai ta fashe. Sabuwa dole yawan mikrofarad ɗinta ya zo daidai da na tsohuwa, volt kuma kada ya gaza. Mai lamba 105 ta fi mai 85 jure zafinmu. Yakan wanke wurin yoyo da alkol, ba ya kuma barin ƙarfen dalma ya daɗe a kan allo, kada tagulla ta ɓamɓare.

Saboda haka ya kamata shugabannin ma'aikatu su sa a duba na'ura kafin a yanke mata hukunci, a kwafe abin da ke cikinta tun tana da rai, a kuma ajiye ta inda iska ke ratsawa. Kuɗin ƴan kondansa bai kama ƙafar kuɗin sabuwar kwamfuta ba, dukiyar kuwa ta jama'a ce.