Fuska da Tsaga: Yadda Ido Ke Shaida Mutum

Dattijo a unguwar Kambarawa ta birnin Katsina yakan dubi yaro ya faɗi gidansu, domin ido ɗungurungum yake ɗaukar fuska, ba gaɓa-gaɓa ba. Amma wannan gwaninta takan raunana a kan baƙo. Binciken Malpass da Kravitz a Amurka cikin 1969 ya nuna mutum ya fi shaida fuskokin jinsin da ya saba gani. A nan tsagar wanzami ta yi rana: fataken goro masu zuwa Gwanja sukan gane asalin juna da ita. Dokar tarayya ta kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga. Ko a da ma, asali tsaga ke nunawa. Hali kuwa, sai an zauna.